Malam Nababa, Wanda Ya Juya Kiɗan Gayya

Duk wanda ya taɓa bi ta Tsamiyar Bala, ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, ya ga ɗakin shan maganin nan mai tsohon kwano a bakin hanyar kasuwa. Mutumin da ke buɗe shi shi ne Malam Nababa. Yana idar da sallar asuba zai wuce can, ya share ciki da waje, ya ɗora ruwa a risho, ya goge benci, sannan ya zauna jiran masu zazzaɓi da masu gudawa da matan da suka goyo 'ya'ya. Allurarsa ba ta da zafi, bakinsa ne dai sai a hankali. In ka yi sati kana shan sassaƙe sannan ka zo masa jiki ya yi laushi, sai ya tambaye ka ko bishiyar ce ta ce ta gaji da kai. In an yi la'asar ya rufe ɗakin, ya rataye farar rigarsa a ƙusa, ya saɓa fartanya. Da damina ba lallai gonarsa ya nufa ba. Inda samari suke, nan za ka same shi.

A watan nan ya yi ritaya. Gwiwoyi sun fara yi masa gardama, gemu ya yi fari fat. Ba a kira 'yan jarida ba, ba a rataya masa lambar yabo ba. Ni malamin firamare ne, tagar ajina tana kallon ƙofar ɗakin nasa, kuma na sha yin noma a gefensa, don haka abin da zan faɗa ba labarin "an ce" ba ne. Na ga dai bai kamata mutum irin wannan ya ajiye aiki a yi shiru ba.

Bari in mayar da ku shekarun nan na matsi, lokacin da buhun taki ya gagari talaka, gero ya yi tashin gwauron zabo, gidajen da ake ɗora tukunya safe da yamma suka koma sau ɗaya. Samarinmu suka bazama ƙwadago a gonakin masu hali. Mai gona yana so a gama masa yau, saurayi yana so ya gama nan ya faɗa can kafin rana ta faɗi. Ta wannan ƙofa ƙwaya ta shigo mana, 'yar ƙaramar nan da ake kira tiramol. Saurayi ya haɗiye ta da safe, ya duƙa, ba zai san yana da baya ba sai azahar. Har an sami masu gonakin da ke narka ta a cikin kunun da suke aika wa 'yan ƙwadago. Ba zan kama suna ba. Sun san kansu, kuma da yawansu a sahun gaba suke sallah.

Gari ma yana ba da nasa taimakon bai sani ba. A wajenmu har yanzu ana gayya ran Asabar. A jeru a bakin gona, kowa ya kama layinsa, Talle makaɗi yana biye da gangar noma. Al'adar da muka gada ita ce, wanda ya wuce gaba shi ake yi wa kiɗa, a kira sunansa da na ubansa, 'yan matan da suka kawo fura su yi ta shewa daga gindin bishiya. Na baya kuwa zambo ne rabonsa, har yara su ɗauka su riƙa rera masa a hanya. Da can ƙarfin tuwo ake gwadawa a wannan fage. Da ƙwaya ta zo, sai wanda ya fi haɗiya ya zama gwani, ganga kuma ba ta san bambanci ba.

Gwanin lokacin shi ne Muntaka, ɗan farin Malam Sama'ilu, dogon saurayi mai faɗin kafaɗa. Har take Talle ya yi masa: "Ɗan Sama'ilu, mai tsaga gona!" Wata Asabar ana cikin noma, Talle yana bayansa yana zuga shi, Muntaka ya yanke jiki ya faɗi tsakanin shuka, jiki na karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa. Nan take aka fara cewa gamo ya yi, a kawo hayaƙi. Malam Nababa ya ture mutane, ya kwantar da shi ta gefe, ya hana a cusa masa cokali a baki, ya ce a samo babur. Shi ya riƙe shi a baya har babban asibiti.

Muntaka ya dawo da ransa, amma sunansa ya zube. Wanda ake yi wa kiɗa jiya ya zama "ɗan ƙwaya". Likita ya gaya masa in ya ci gaba da sha, faɗuwa ta gaba ba lallai ya tashi ba. In kuma bai sha ba, hannu na rawa, gumi na karyo masa, ko guga ya ja sai ya huta. Ya shige ɗaki, ko majalisar abokai ya daina zuwa.

Malam Nababa ya sami uban a zaure yana tufka igiya. Ina wurin, don ni na raka shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Sama'ilu, ka san abin da ke cin yaron nan?"

"Na sani, Malam. Tun bara na ga ledar a aljihun rigarsa."

"To me ka ce masa?"

Malam Sama'ilu ya ajiye igiyar. "Me zan ce? Ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ko sunansa ban taɓa kamawa ba, uwarsa ma haka. In na buɗe baki yanzu, sai dai in kore shi. Ni ban san wata magana tsakanin shiru da kora ba."

Wannan amsa ta zauna wa Malam Nababa.

Kai ne, Malam Nababa, ka ga abin da ya fi ƙarfin allura. Ka ga cewa karar da muke yi wa 'ya'yanmu, wadda abin alfahari ce a wurinmu, ta bar saurayi ba shi da babban da zai faɗa wa damuwarsa. Ka ga cewa yaron Bahaushe ba zai zauna gaban dattijo ya dube shi ya ce "ga abin da ke damuna" ba, ko za a kwana ana tambaya. Amma in kun duƙa kafaɗa da kafaɗa, ido yana kan ciyawa, hannu yana aiki, baki yakan buɗe da kansa. Daga nan ka fito da abin da muke kira uban layi: a kowace gayya, kowane saurayi yana da dattijon da zai kama layin da ke gefen nasa, wanda ba ubansa ba, kuma shi ne dai kowace Asabar. Sharaɗi ɗaya ka gindaya wa dattawan, ka ce ban da wa'azi. "Wanda wa'azi ke cinsa," in ji ka, "ga masallaci can."

Saura ganga. Malam Nababa ya je har gida ya sami Talle yana ɗaure fata, ya roƙe shi ya daina yi wa na gaba kiɗa, ya daina yi wa na baya zambo.

Talle ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, ubana na gaba ya yi wa kiɗa, kakana ma haka. In ban kira na gaba ba, wa zan kira? Ciyawa?"

"Ka kira wanda ya gama nasa ya juyo ya shiga layin na baya."

"Wannan ai ba gayya ba ce, jinya ce."

"Talle, wa ke bayan Muntaka ranar da ya faɗi? Mai sayar da ƙwaya yana kasuwa a lokacin. Gangarka ce a kunnensa."

Maganar ta yi wa Talle ɗaci. Ya yi kwanaki ko gaisuwar Malam ba ya amsawa da kyau. Amma da aka kira gayya a gonar Inna Jumma, wata tsohuwa da mijinta ya rasu 'ya'yanta kuma suna birni, sai ga shi da ganga a kafaɗa, fuska a murtuke.

Da ƙyar aka fito da Muntaka ranar. Malam Nababa ya kama layin da ke gefensa, ya zama uban layinsa. Aka duƙa. Talle yana kiɗa amma bai kira kowa ba. Samari suka kai ƙarshen gona suka miƙe suna jiran a zuga su, suka ji shiru, suka tsaya cirko-cirko. Muntaka ko rabi bai kai ba, yana noma yana dafa gwiwa. Can sai wani saurayi mai suna Basiru ya juyo ya shiga layin Muntaka daga ɗaya bakin. Nan take Talle ya saki ganga, ya kira Basiru, ya kira ubansa, ya kira kakansa. Na ga dattawa suna murmushi, ni ma na ce shi ke nan, dabara ta ci.

Ashe da sauran aiki. Muntaka ya ɗaga kai ya ga ana nome masa layi a gaban 'yan mata, shi da ake kira mai tsaga gona. Ya jefar da fartanya ya ce, "Ni ba gurgu ba ne!" Ya ratsa gonar ya tafi. Washegari aka ji ya hau mota zuwa kasuwar Dawanau, wai zai yi dakon buhuna. Kowa ya san jikin da ya kasa fartanya ba zai ɗauki buhun dawa ba sai da taimakon abin da likita ya hana shi.

A ranar gayyar kuwa, Basiru zai ƙarasa layin, Malam Nababa ya ce ya bari. Ya juya wurin mai gonar ya ce, "Inna, ina neman alfarma. A bar mini layin nan yadda yake har mai shi ya dawo."

Ba ƙaramar alfarma ba ce. Shekarar yunwa ce, tsohuwar ba ta da wata gona, kuma layin gero da aka bar wa ciyawa ya tafi ke nan. Inna Jumma ta dubi layin ta dubi Malam ta ce, "In geron ya mutu na sha kunun dawa. A bar masa."

Haka gonar ta zauna, fes ko'ina, sai zirin ciyawa guda a tsakiya kamar an manta da shi wajen aski. Duk mai wucewa kasuwa sai ya gani, ya kuma san na wane ne. Masu surutu suka samu abin yi, wasu suka ce Malam ya fara rikicewa, yana wasa da abincin tsohuwa.

Ranar da ba aiki Malam ya shiga mota ya tafi Dawanau. Muntaka ne ya ba ni labarin da bakinsa daga baya. Ya ce yana zaune a inuwar wata babbar mota, ido ya yi ja, sai ya ga Malam tsaye a kansa. Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa. Malam ya zauna a ƙasa gefensa, ya fito da gyaɗa daga aljihu, suka ci. Da zai tashi ya kakkaɓe riga ya ce, "Layinka yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ciyawa ta kusa rufe geron Inna Jumma. Ni dai na faɗa maka." Ya tafi tasha.

Muntaka ya ce da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Duk buhun da ya ɗauka, tsohuwar yake gani.

Ranar wata Laraba da hantsi Inna Jumma ta je duba wake, ta hango mutum duƙe a tsakiyar gonarta. Ba ta yi masa magana ba, ta koma gida ta dama fura ta aika masa. Muntaka ne. Ya yi ta fama shi kaɗai, yana yi yana zama, har la'asar. Sannan ga Malam Nababa da fartanya. Bai shiga layin ba, ya kama na gefe, wanda ba shi da ciyawar kirki, yana ta kartar ƙasa don dai su jera. A nan ne Muntaka ya fara magana, ya faɗi yadda ya fara sha, da yadda yake tsoron ya zama abin dariya. Geron layin nan bai yi kai kamar sauran ba, amma ya yi.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba, don ƙarya ba kyau. Ya sake zamewa, fiye da sau ɗaya. Duk lokacin da ya zame, Malam ya mayar da shi asibiti, ran Asabar kuma ya kama layin gefensa kamar ba abin da ya faru. A hankali hannu ya daina rawa. Sauran samari suka ga an daina yi wa gudu kiɗa, ba wanda kuma zai tashi da zambo, sai dalilin haɗiyar ƙwaya ran gayya ya ragu. Masu narka ta a kunu ma suka shiga taitayinsu, don yanzu kowane ɗan ƙwadago yana da dattijon da zai gaya wa.

Bara wata malamar jami'a, Dakta Sauda, ta zo yankinmu da ɗalibanta. Suna bincike ne a kan ko samun babban da ke jan matashi a jiki yana da tasiri ga lafiyarsa da kwanciyar hankalinsa. Ni aka ba su in riƙa yi musu jagora. Cikin tambayoyinsu akwai wadda na fi so: "In abu ya dame ka, wane babba kake faɗa wa?" Ta ce mini a wurare da dama saurayi sai ya yi shiru, ko ya ce sai dai abokai. A Tsamiyar Bala kuwa kafin ta rufe baki an kama mata suna. Ba ta yi saurin yanke hukunci ba, ta ce ƙauye ɗaya ba ya zama hujja, sai an bi yaran an ga yadda za su kasance. Amma ta nemi a kai ta gayya, ta tsaya a rana har aka tashi.

Ita da Malam sun fahimci juna. Ta koya masa alamun da ke nuna damuwar saurayi ta wuce ta hira, tana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, ya kuwa saurara kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ta yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa: "Baba, 'yan matan fa? Su wa suke faɗa wa?"

Malam ya sosa ƙeya. "Wallahi 'yata, kin kama ni. Fura kawai nake ganin suna kawowa."

Bai tsaya kare kansa ba. Ya sami Inna Jumma, yanzu haka ranar sussuka da ɓarar gyaɗa kowace budurwa tana da dattijuwar da take zama kusa da ita.

Asabar ɗin da ta wuce samari suka kira gayya a gonarsa, ita ce walimar ritayar da suka iya. Abin da ke ran kowa ba a faɗa ba shi ne, wa zai kama layin gefen Muntaka? Tun daga gonar Inna Jumma ba wanda ya taɓa tsayawa a nan sai Malam, kuma ba a daɗe ba da yaron ya tsaya da ƙafafunsa. Aka jeru. Malam Nababa ya duƙa, ya yi 'yan saran da ba su fi a ƙirga ba, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Aka kama shi aka kai shi gindin ɗorawa. Layin ya zauna ba kowa. Na ga Muntaka ya dube shi, ya dubi ƙasa.

Sai ga Malam Sama'ilu ya taso daga cikin dattawa. Mutumin da ko hanya ba ya haɗawa da ɗansa na fari ya zo ya ɗauki fartanyar Malam, ya tofa yawu a tafi, ya duƙa a gefensa. Bai kama sunan ba, ba kuma zai taɓa kamawa ba. Abin da na ji ya ce shi ne, "Kai yaron nan, a hankali. Ni tsoho ne."

Suka tafi tare, kai a ƙasa. Ban san abin da suka faɗa ba, amma na ga bakin uban yana motsi, na ga na ɗan yana motsi. Da Muntaka ya kai ƙarshe bai miƙe ba, ya juyo ya shiga layin ubansa. Talle ya saki ganga, hawaye na bin gemunsa, ya kira taken nan da ya daɗe bai kira ba, amma ya sauya masa ƙarshe: "Ɗan Sama'ilu, mai komowa!" Na waiga gindin ɗorawa. Malam Nababa yana ɓare gyaɗa, wai shi bai ga komai ba.

Malam, mun gani, kuma mun gode. Kai ne ka riƙe yaro a bayan babur lokacin da gari ke neman hayaƙi. Kai ne ka faɗa wa makaɗi gaskiya a cikin gidansa, ka jure fushinsa. Kai ne ka bar ciyawa a gonar tsohuwa aka kira ka mai rikicewa, don yaro ya san akwai wurin da ba wanda zai cike sai shi. Na Tsamiyar Bala, uban layin marasa uban layi, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ina alfahari da cewa garinmu ɗaya.

Ku kuma dattawan sauran garuruwa, ba sai kun jira Dakta Sauda ta gama bincikenta ba. Ba a bukatar ofis, ba a bukatar takardar shaida. A garejinku, a majemarku, a rumfar kasuwarku, akwai saurayin da ya yi shiru kwanan nan, kun kuma san shi. Kada ku kira shi ku zaunar a gabanku. Ku ɗauki abin aikinku ku je ku tsaya a gefensa, mako mai zuwa ma ku koma.